Daga Magami Zuwa Gidan Bawa: Masu Neman Adalci Da Fatar Baki A Ƙasar Gobir

Duk sa'adda aka ambaci Gobir a gaban marubucin Hausa, abin da kan fara faɗo masa a rai shi ne doki da mashi da sulke. Haka makaɗa suka rene mu a kai, haka kuma littattafan makaranta suka koya mana: Bawa Jan Gwarzo, Yunfa, Tafkin Kwatto, faɗuwar Alƙalawa. Ba mu musun cewa Gobirawa mayaƙa ne, su ma ba za su yarda a raba su da wannan suna ba. Amma a wannan ƙasa da Gulbin Rima ya ratsa, wato yankin da yanzu ake kira ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa a gabashin Jihar Sakkwato, akwai wani tarihin da ba a cika buga masa tambari ba. Shi ne tarihin mutanen da suka tsaya gaban mai ƙarfi hannu sake, ba su riƙe da komai sai magana, suka nemi a sassauta wa talaka. Wannan tarihi muke so mu bi sawunsa, domin a ganinmu yana da abin da zai faɗa wa mai alƙalami.

Bari mu fara da Magami. Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a can don Babbar Salla. A lokacin Gobir na kan ganiyarta, ta rushe Zamfara, ta kafa Alƙalawa a bakin gulbi, kufan birnin kuwa har yanzu yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. Cikin malaman da suka hallara akwai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya riga ya shafe fiye da shekara 10 yana yawon wa'azi ƙauye-ƙauye. Sarki ya raba kyauta kamar yadda aka saba, aka ware wa Shehu miskali 500 na zinariya. Shehu ya ƙi karɓa. Maimakon dukiya sai ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar Gobir, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka biyar ɗin. Cikin waɗanda aka kwance har da Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara.

A dubi roƙon nan da kyau. Uku na farko sun shafi malamin da jama'arsa, wato da ya tsaya nan da ba wanda zai ga laifinsa. Biyu na ƙarshe kuwa na mutanen da ba su je Magami ba ne, ba su kuma da bakin da za su je: wanda ke cikin mari, da manomin da ake auna wa rumbu, da makiyayin da ake ƙirga wa shanu. Daga baya Shehu ya jera irin waɗannan kuɗaɗe da sunayensu na Hausa a cikin Kitabul Farƙi, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa da tawasa da kamuwa. Abin da ya ba roƙon ƙarfi shi ne zinariyar da aka bari a ƙasa. Da ya miƙa hannu ya karɓa, da ya zama ɗaya daga cikin malaman fada, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu lura kuma da cewa Bawa, duk da zafinsa, sarki ne mai kunne. Ba a yin wannan ciniki sai da mutum biyu, mai faɗa da mai ji.

To, kunnen nan bai daɗe ba. Bayan Bawa da Yakuba, Nafata ya sa aka yi shela cewa ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, kowa ya tsaya a addinin da ya gada, maza su cire rawani mata su cire lulluɓi. Wato an soke Magami ke nan. Zamanin Yunfa aka auka wa jama'ar Abdussalami a Gimbana, aka biyo da kamammu ta Ɗagel, almajiran Shehu suka kwance su. Daga nan sai hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, sai Tafkin Kwatto a watan Yuni, sai cin Alƙalawa a 1808. Marubutanmu sun fi son waɗannan shekaru huɗu, domin akwai ƙura da kururuwa a cikinsu. Shekara 30 ɗin da aka yi ana wa'azi da rubuce-rubuce da waƙoƙin Fulatanci da Hausa, ba tare da an zare takobi ba, sai a dunƙule su cikin sakin layi guda.

Yaƙin kuma bai ƙare a 1808 ba. Gobirawa suka yi arewa suka ci gaba da gwabzawa, har aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda a Gawakuke a 1836, sannan Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Isa ta tsaya a matsayin ribaɗi a hannun zuriyar Sarkin Musulmi Bello, tana tsaron wannan kusurwa. Tsakanin waɗannan garuruwa fadama ce mai albarka, amma mai gona ba ya da tabbacin zai girbe abin da ya shuka. A rabi na biyu na ƙarnin ne Ɗan Halima, ɗan sarautar Gobir, ya ɓata da 'yan uwansa na Tsibiri, ya yi amana da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Ba mu ce waliyyi ne ba, neman sarauta na cikin lissafinsa. Duk da haka garin da ya bari ɗan sulhu ne, kuma jama'ar da ta bi shi ta zaɓi noma a kan hari.

Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka ja layi tsakanin 1906 da 1908, Tsibiri ta faɗa wa Faransa, Sabon Birni ta faɗa wa Ingila. Nan talaka ya sami wata hanyar ƙin zalunci ba tare da ya ɗaga sanda ba, wato ƙaura. In aikin tilas da ɗibar soja suka yi tsanani a ƙasar Faransi, wanda ba a soke aikin tilas ɗin ba sai 1946, sai mutum ya ɗaure kayansa da dare ya tsallako wurin dangi. Ba a rubuta sunayen waɗannan mutane ba, amma masu mulki na jin zafin abin, tunda ba a karɓar haraji daga kango.

Mu tsallako zuwa zamaninmu. Fitinar 'yan bindiga da ta tsiro a Zamfara wajen 2011 ta malalo ta Shinkafi ta shigo Isa da Sabon Birni, zuwa 2019 ta game yankin. Ranar 27 ga Mayu 2020 aka kashe mutum 74 a ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A watan nan dai Sanata Ibrahim Gobir ya faɗa a zauren majalisar dattawa cewa mutanensa sun koma dogara ga sojojin Nijar in an kawo musu hari. Zuwa ƙarshen 2021 yaran Bello Turji na aza wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi noma ko girbi, har suka tuɓe masu gari a wurare irin su Gangara suka naɗa nasu. Mai karatu zai ga cewa roƙo na huɗu da na biyar na Magami sun dawo, ga kamammu a daji ga haraji a gona. Bambancin shi ne mai karɓar harajin yanzu ba ya da fada balle a je a faɗi a yi gaisuwa.

Jama'a ta rabu biyu wajen neman mafita. Wasu suka ɗauki bindigar toka da adda suka zama 'yan sa-kai. Ba mu da bakin zagin wanda aka kashe wa ɗa aka kore wa shanu, amma tilas a faɗi abin da ya biyo baya. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, ba shari'a ba bincike. Ranar 17 ga watan 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka mutu. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ƙungiyar, amma jinin ya riga ya zuba, kuma Bafillacen da bai san hawa ba bai san sauka ba ya rasa kasuwar da zai shiga lafiya.

Wasu kuwa suka bi tsohuwar hanyar Magami. Su ne suka ɗauki aikin da ya fi kowane gajiyarwa: ƙirga gawa, rubuta sunan ƙauye da adadin kuɗin da aka aza masa, kai takarda Sakkwato da Abuja, kiran 'yan jarida, magana a sashen Hausa na gidajen rediyon waje. Ƙungiyar Ci Gaban Gobir ta yi ta yin wannan. Basharu Altine Guyawa, mutumin Isa, wanda aka sani da Rundunar Adalci, ya yi shekaru yana fito da labarin ƙauyukan da ba ɗan jaridar da ke iya zuwa. Aminu Almustafa Boza, ɗan majalisar jiha daga Sabon Birni, ya riƙa kiran suna a bainar jama'a lokacin da manya ke kewaye-kewaye. Ba sai mun yarda da kowace kalma da suka furta ba kafin mu gane nauyin abin da suka ɗauka, domin wanda ake magana a kansa na da bindiga, kuma ya san hanyar gidan kowa. Da gwamnati ta yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar a watan Satumba na 2021, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanya, sai da mutanen bakin iyaka suka nemi layin Nijar kafin duniya ta ji abin da ake yi musu.

Ranar 6 ga Disamba 2021 aka tare wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni kusa da Gidan Bawa, aka cinna mata wuta da mutane a ciki. 'Yan sanda suka ce 23 suka rasu, mutanen gari suka ce sun fi haka. Da yawansu gudun fitinar ne ma ya fito da su daga gida. Kwana huɗu bayan haka matasa maza da mata suka fito a Kano da Abuja da Sakkwato da Bauci, riƙe da kwalaye, suna cewa Arewa na zubar da jini. Ba su jefi kowa ba. Amsar da suka samu ita ce gayyata daga jami'an tsaro na farin kaya, ɗaya daga cikin matan da suka shirya ta Kano ta fito daga ofishinsu ta sanar da janyewarta, waɗanda suka sake fitowa a Abuja kuma aka tarwatsa su aka kama wasu. Bawa Jan Gwarzo, wanda ba zaɓensa aka yi ba, ya fi haka haƙurin sauraro.

Akwai kuma maganar sulhu, wadda ta raba kan malamai da 'yan boko har yau. Shaihu Ahmad Gumi ya shiga dazukan Zamfara a farkon 2021 ya zauna da 'yan bindiga. Turji da kansa ya aika wasiƙar neman sulhu a Disambar shekarar, ya saki mutum 52 a Janairun 2022, sannan aka koma gidan jiya. Ƙauyuka da dama sun ƙulla nasu sulhun ba da sanin kowa ba, dattawa su tara kuɗi su kai daji don a bar su su yi shuka. Wanda ke zaune a Sakkwato ko Kano yana shan ruwan sanyi bai isa ya kira su matsorata ba. Amma ra'ayinmu shi ne a kira abin da sunansa. In ɓangare ɗaya ke biya ɗaya na karɓa, ba a dawo da saniya ba, ba a buɗe burtali ba, ba a gurfanar da wanda ya kashe Bahaushe ko wanda ya kashe Bafillace ba, to jangali ne aka sake wa riga. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, haka ne, sai dai a Magami da sakin kamammu da rage haraji aka saye shi.

Ƙarshen watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa a hanyarsu ta komawa gida daga Sakkwato. Duk ƙasar Hausa ta ga hoton bidiyon dattijon a ɗaure yana roƙon a cece shi. A watan Agusta aka kashe shi, ba a ba da gawarsa ba, sai sallar ga'ibi aka yi masa a Sabon Birni. Matasa suka fito zanga-zanga, a wannan karo kuwa abin ya rikiɗe ya zama ƙone-ƙone, aka sa dokar hana fita. Masu takarda da alƙalami sun yi shekara biyar suna cewa a saurara, matasan kuma suna kallon abin da takardun suka haifar. Wanda duk zai rubuta labarin wannan rana, kada ya fara daga wutar.

Aiki mafi girma na zaman lafiya a wannan yanki kuwa ba ƙungiya ta yi shi ba, kuma ba a Nijeriya aka yi shi ba. Zuwa watan Satumba na 2019 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fiye da mutum 40,000 da suka tsallaka jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, yawancinsu mata da yara. Kafin a kafa musu matsugunai a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, a gidajen talakawan ƙasar Gidan Runji suka sauka, wato ƙasar da Tsibiri ke ciki. Magidancin da hatsinsa ba ya kai shi damina ya buɗe zaure da ɗaki, aka ƙara ruwa a fura. Zanen fuska ɗaya ne, harshe ɗaya, kuma hanyar da matan Sabon Birni suka bi da goyo zuwa arewa ita ce wadda masu gudun aikin tilas suka biyo zuwa kudu kafin 1946.