Gida Biyu na Masu Lissafin Sura

Mu da muke lissafin yadda gaurayen sinadarai ke rabuwa su fitar da sura, gida biyu muka gada, kuma gidajen sun daɗe ba sa ko gaisawa.

Na farko gidan Alan Turing ne. A 1952, yana Jami'ar Manchester, ya nuna a takarda cewa sinadarai biyu masu tasiri a kan juna da suka gauraya sarai za su iya fitar da ɗigo-ɗigo ko zane-zane da kansu, muddin ɗaya ya fi ɗaya saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba. Har yau abin na girgiza ni, domin kowa ya san yaɗuwa ita ke share bambanci, ga ta nan kuma ita ce ke haifar da shi. Masana sinadarai ba su saurare shi ba. A waɗancan shekarun ne ma mujallun Tarayyar Sobiyet suka ƙi buga aikin Boris Belousov, wanda ruwan kwalbarsa ke sauya launi yana komawa.

Gida na biyu daga masu ƙarfe ya fito. A 1958, John Cahn da John Hilliard, a ɗakin binciken General Electric, suka lissafa makamashin da ke kan iyakar ɓangarori biyu na gauraye. Daga nan Cahn ya bayyana yadda haɗin ƙarafa ke rabuwa in ya huce, kamar man gyaɗa da ruwa da aka kaɗa aka ajiye. Ƙananan ɗigo na ɓacewa, manya na ƙara ƙiba. Sai lokaci ya ninka sau 8 kafin girmansu ya ninka sau 2. Surar Turing kuwa tana riƙe da tazararta, amma dole a yi ta ciyar da ita da sabbin sinadarai.

Shekara 38 aka yi kafin a ga surar Turing da ido. A 1990 ne Patrick De Kepper da abokan aikinsa suka samo ta a Bordeaux ta Faransa. Matsalar da ta jawo jinkirin ita ce a cikin ruwa ƙananan sinadarai kusan gudu ɗaya suke yi. Sitacin da suka zuba don ya nuna launi kawai shi ya kama sinadarin aidin da ke cikin gaurayen ya rage masa sauri, kamar yadda Lengyel da Epstein suka bayyana daga baya. A ganina darajar lissafin ta fi fitowa a nan, don shi ya gane abin da sa'a ta kawo.

Ƙwayar halitta ce ta haɗa gidajen. A 2009, a Dresden, Clifford Brangwynne da Anthony Hyman suka nuna cewa wasu ƙulle-ƙulle a ƙwan wata ƙaramar tsutsa ɗigon ruwa ne da ya rabu da sauran. Irin waɗannan ɗigo suna rabuwa yadda Cahn ya faɗa, amma ƙwayar na ƙona makamashi ba tsayawa, kuma hakan na iya hana su girma ba iyaka. Ɗalibanmu yanzu a layi ɗaya suke rubuta lissafin biyun, muhawarar da ta rage mana kuwa ita ce mene ne ainihi ke tsayar da girman ɗigon.