Kowa da kiwon da ya karɓe shi: tarihin musun "wane wasa ya fi?"

'Yan uwa, a unguwanninmu daga Agege har Sabo ta Ibadan, da wuya mu wuce majalisar matasa ba mu ji ana musun wasan waya ba. Wannan ya ce ƙwallo, wancan ya ce harbi, wani kuma sai wasan da ake ba shi jarumi ya raine shi tun bai iya komai ba har ya zama gwarzo. Mu iyaye da yayye mukan haɗa su duka mu ce "gem". Musun nan kuwa ya girmi yawancin masu yin sa.

A 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, Roy Trubshaw, ya fara ƙirƙirar wasa mai suna MUD, daga baya abokinsa Richard Bartle ya karɓa ya ci gaba. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Mutum zai rubuta cewa ya nufi arewa, kwamfuta ta ba shi amsa a rubuce cewa ga daji, ga kogo, ga dodo. Sabon abin shi ne mutane da yawa suna cikin duniya guda a lokaci guda, kowa da halin da ya ɗauka.

Da mutane suka haɗu, sai saɓani ya taso. Daga ƙarshen 1989 zuwa 1990 manyan 'yan wasan wani MUD suka shafe watanni suna gardama kan abin da ke kawo mutum cikin wasan. Bartle ya tattara bayanansu, a 1996 ya fitar da maƙalar da ta kasa 'yan wasa gida huɗu. Akwai masu neman maki da matsayi. Akwai masu yawon gano lungu da saƙo. Akwai waɗanda hira da abota suka kawo su. Sai masu jin daɗin fin ƙarfin wani. Ya kuma yi gargaɗin cewa idan rukunin ƙarshe ya yi yawa, masu hira za su gudu, wasan ya zama kufai.

Ba a daɗe ba aka ga zahiri. Ultima Online ya fito a 1997, kuma a cikinsa kowa na iya kashe kowa ya kwashe masa kaya. Sababbin shiga suka yi ta kuka, wasu suka daina biya. A 2000 kamfanin ya raba duniyar biyu, ɗaya ba a taɓa mutum sai da yardarsa. Masu World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, sun tanadar wa kowane rukuni abin yi, har masu biyan kuɗin wata suka kai miliyan 12 a 2010.

Yawancinmu ba mu riski wancan zamani ba, domin yana buƙatar kwamfuta da intanet mai ƙarfi da kuɗin wata-wata. Ta waya abin ya same mu, musamman bayan fitowar Free Fire a 2017, wanda ƙaramar waya ma tana ɗauka. Salon ya canza, amma rukunan nan huɗu suna nan a ɗakunanmu.

Shi ya sa kafin mu ƙwace waya, ya kamata mu tambayi yaro me yake so a wasan, domin kowane rukuni da inda yake zamewa. Mai neman matsayi shi ne zai zuba kuɗin data da na aljihu a sayen kayan wasa. Mai hira shi ne ke magana da baƙin da ba mu sani ba. Mai son fin ƙarfi a kula da bakinsa da fushinsa. Mai yawon ganowa kuwa dare yakan raba bai sani ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da wasannin nan cikin jerin cututtuka, amma ta ɗaure shi da sharaɗin cewa wasan ya danne karatu, aiki ko zaman iyali. Da wannan ma'auni ya dace mu riƙa duba namu yaran, kowanne da irin wasan da ya karɓe shi.