Tarihin Muƙamin Hakimi a Ƙasar Daura da Takwaransa na Sukotlan

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce sarki goma, zamani goma. Duk wanda ya dubi sarautar hakimi a ƙasar Daura zai ga gaskiyar wannan karin magana, domin kuwa rawanin yana nan yadda aka san shi, amma aikin da ke ƙarƙashinsa ya sake kama fiye da sau ɗaya. Nufina a wannan maƙala shi ne in bi diddigin wannan canji, sannan in kwatanta shi da na wani muƙami mai kama da shi a Sukotlan, wato yankin arewacin Birtaniya, wanda ake kira sherif. Kada mai karatu ya ɗauka sharifi nake nufi. Kalmar tsohon Turanci ce, ma'anarta wakilin sarki a gunduma.

Hakimi Kafin Zuwan Turawa

A zamanin da, hakimi mutumin birni ne. Yana zaune kusa da fada, kullum yana zuwa fadanci, garuruwan da aka ba shi riƙo kuwa suna warwatse nan da can, ba a haɗe wuri guda ba. Jakadu su ne idonsa da kunnensa. Su ke zuwa wurin dagatai su karɓo kuɗin ƙasa da jangali da sauransu, kowa ya ɗebi rabonsa, saura ya isa ga sarki. In yaƙi ya taso, hakimi ne zai fito da mahaya da dakaru daga garuruwansa. In rigima ta gagari dagaci, ta hannunsa za ta bi ta kai fada. Ke nan abubuwa 3 ne a hannunsa: haraji da tsaro da sasanta jama'a. Masu riƙe da waɗannan sarautu, irin su Galadima da Ƙaura, ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai 'ya'yan sarki, akwai barori, akwai kuma bayin sarki.

Wajen shekarar 1805 masu jihadi suka ci Daura, Malam Isiyaku ya hau gado, Sarkin Gwari Abdu ya fita da mutanensa. Daga baya zuriyar Haɓe ta kafa sarautu a Zango da Ɓaure. Abin lura a nan shi ne, duk da wannan rabuwa, kowane ɓangare ya ci gaba da mulki ta hanyar masu sarauta da jakadunsu. Masani M. G. Smith ya yi dogon bayani kan waɗannan ɓangarori a littafinsa na tarihin Daura wanda ya fito a 1978.

Zamanin En'e

Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka raba iyaka da Faransa, sai wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura ya faɗa Nijar. Cikin shekarun farko na mulkinsu suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka zaunar da shi a Daura, sarauta ta koma gidan Haɓe. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi mulki har 1966.

A wannan zamani ne aka haifi hakimin da muka sani. Turawa sun ga tsarin jakadu yana cin kuɗi, sai suka yanka ƙasa gunduma-gunduma, suka ce kowane hakimi ya fita birni ya tare a gundumarsa. Da aka kafa baitulmali, wanda aka soma gwadawa a Katsina, sai aka yanka masa albashi maimakon rabon da yake ɗiba. Aka ba shi malamai masu rubuta sunayen masu biyan haraji da ƙidayar shanu, ga dogarai, ga alkali a gefensa, ga Di'o yana zuwa rangadi yana duba littattafai. Ta wata fuska ikonsa ya ƙaru, tun da yanzu ga shi ga talakawa. Ta wata fuskar kuma ya zama ma'aikacin En'e, wanda za a iya tuɓewa in kuɗin haraji ya yi giɓi. Bai kamata mu ɓoye ba, talakawan Arewa sun sha wuya a wannan zamani wajen haraji da aikin tilas, kuma wannan ne ya ba jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, abin faɗa.

Yadda Iko Ya Zube

Ba rana ɗaya aka karɓe ikon ba. A 1968 aka rufe kotunan sarakuna, kotunan alkalai suka koma kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha. A daidai wannan lokaci 'yan doka da gidajen yari suka fita hannun En'e suka koma na tarayya. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, mulki ya koma hannun shugaba da kansiloli. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. To, cikin shekara 11 kacal, a zamanin Sarki Muhammadu Bashar, hakimi ya wayi gari ba kotu a gefensa, ba ɗan doka, ba jakar haraji.

Labarin Sherif

Mu leƙa Sukotlan. Muƙamin sherif ya kafu a can a zamanin Sarki Dauda na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1124 zuwa 1153. Aikinsa tamkar na hakiminmu ne: tara kuɗin sarki, zaman shari'a, da fito da mayaƙa. Da tafiya ta yi nisa sai muƙamin ya zama na gado a manyan gidaje, ɗa ya gaji uba ko ya san shari'a ko bai sani ba. Bayan yaƙin Kuloden na 1746, majalisar Birtaniya ta yi doka ta soke gadon, aka biya masu gidajen diyya. Daga 1748 sai lauya mai albashi ake naɗawa. Shahararren marubucin nan Walta Sukot ma ya riƙe muƙamin a Salkak daga 1799 har rasuwarsa a 1832. Yau sherif alkali ne, kuma tun 1975 an kasa ƙasar yanki 6, kowanne da babban sherif.

Ga inda hanya ta rabu. Su sun karɓe muƙamin daga hannun 'yan gado, suka bar masa aiki guda wanda doka ta sani. Mu kuwa mun bar rawani da asali, muka kwashe aikin.

Kammalawa

Amma fa aikin bai bar ƙofar hakimi ba. A Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, in shanu suka shiga gona, ko aka yi jayayyar iyaka, ko rikicin gado ya taso, mutane da yawa sukan fara ne da mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi, kafin su tuna da kotu. In za a yi allurar rigakafi ko ƙidaya, hukuma ma ta wurinsa take bi. Duk da haka tsarin mulkin 1999 bai ba shi wani aiki ba.

A ganina wannan hali yana cutar kowa. Sulhun da hakimi ya yi ba shi da ƙarfin doka, mai ƙarfi yana iya take shi gobe. In kuma hakimin ne ya karkata, talaka ba shi da tabbatacciyar hanyar ɗaukaka ƙara. Ba ina kiran a koma zamanin En'e ba ne, don ruwan da ya wuce ba ya dawowa. Abin da nake gani shi ne a rubuta aikin sulhu cikin doka, a faɗi iyakarsa, a ajiye littafin abin da aka yanke, a kuma buɗe ƙofar ƙara.

Mu ɗalibai ma da namu aikin. Dattawan da suka yi malanta a ofisoshin hakimai kafin 1976 kullum raguwa suke yi. Ya kamata kowa ya yi amfani da hutu ya zauna da na garinsu, ya rubuta yadda ake kasa haraji da yadda ake raba rigimar gona, tun kafin a rasa wanda za a tambaya.