Tarihin Gwajin Narkewar Tangaran a Cikin Ƙashi

Tangaran ɗin cike ƙashi abu ne da likitoci ke cusawa a gurbin da ƙashi ya rasa, ko ta dalilin mummunar karaya, ko ciwon da ya ci ƙashi, ko bayan an cire ƙari. A karkara irin ta Azagor, cikin Dakoro, maɗori yakan daidaita karaya ya ɗaure ta da kara da tsumma, jiki ya ƙarasa aikin. Amma idan guntun ƙashi ya tafi ɗungurungum, ɗori ba ya mayar da shi. Wannan aikin manyan asibitoci ne, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959.

Abin da ake nema shi ne tangaran ya riƙa narkewa daidai da yadda sabon ƙashi ke tsirowa. In ya yi gaggawa, rami ya dawo. In ya daɗe, ya tare wa ƙashi hanya.

A 1892 likita Dreesmann na birnin Bon a Jamus ya cike ramukan ƙashin majinyata da filastar Faris, wadda ake ɗaure karaya da ita. Jiki ya karɓe ta, sai dai cikin ƴan makonni take ɓacewa. A 1920 Fred Albee na Amurka ya gwada tirai-kalsiyam fosfet a ƙashin zomaye. A 1969 Larry Hench ya haɗa gilashin da ke manne wa ƙashi, mai suna Bioglass. Shekarun 1970 suka zo da haidiroksi'afatait, dangin ma'adinin da ke cikin ƙashinmu, amma wanda aka gasa da wuta mai ƙarfi yakan shekara da shekaru yana nan daram. Daga nan aka fara gauraya mai saurin narkewa da mai jinkiri.

Gwajin narkewar tangaran a kwalba ya samu tsari daga baya. Wajen 1990 Tadashi Kokubo na Jami'ar Kiyoto ya haɗa wani ruwa mai gishirin da ya yi kama da na jini. A 2001 aka fitar da ƙa'idar ISO 10993-14. Bisa wannan ƙa'ida, ana niƙa tangaran, a jiƙa shi awa 120 a zafin jiki, digiri 37, cikin ruwa mai asid irin na lemun tsami, sannan a wani ruwan da tsaminsa ya yi daidai da na jini. Sai a tace, a busar da ragowar, a auna nauyin da ya ragu da abin da ya tsiyaye cikin ruwan.

Gwajin yana da amfani, amma kuskure ne a tsaya a kansa, domin kwalba ba ta da rai. A cikin jiki akwai ƙwayoyin halitta masu cin ƙashi, waɗanda ke lafewa a kan tangaran su zuba masa asid su rarake shi, wasu kuma su biyo baya suna gina sabo. A 2009 Marc Bohner da Jacques Lemaître suka nuna shakkarsu a kan dogaro da ruwan Kokubo kaɗai. Shi ya sa har yau ake dasa tangaran a ƙashin tumaki ko zomaye, bayan watanni a yanko siraran yanka a duba da madubin likita. A nan ake ganin tirai-kalsiyam fosfet, wanda da ƙyar yake narkewa a ruwa mai kama da jini, ƙwayoyin sun cinye shi, ƙashi ya shiga kafofinsa.