Kofin ƙwai: tarihinsa da masu sha'awar tara shi

Kofin ƙwai ɗan ƙaramin mazubi ne da ake ɗora dafaffen ƙwai a kai domin ya tsaya cak, a fasa samansa, a ci da ƙaramin cokali.

An fi amfani da shi a Birtaniya, da Jamus, da Faransa, inda ake son ƙwan da bai gama dahuwa ba, wanda gwaiduwarsa ke da ruwa-ruwa. Irin wannan ƙwai ba ya ɓaruwa a hannu, don haka sai an samar masa wurin zama.

A yau dai akwai mutanen da suka mai da tara waɗannan kofuna abin sha'awa. Ana kiran wannan ɗabi'a da suna pocillovy, kalmar da aka ƙera daga Latin, mai nufin ƙaramin kofi na ƙwai.

Asali

Masu haƙar kayan tarihi sun gano kofunan ƙwai na azurfa a birnin Pompeii na ƙasar Italiya, wanda aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya.

Haka kuma wani zanen daɓe na ƙarni na 3 da aka samu a tsohon birnin Antakiya, a Turkiyya ta yanzu, ya nuna ƙwai a kan irin waɗannan kofuna cikin jerin abincin liyafa.

A Faransa, an ruwaito cewa Sarki Louis na 15, wanda ya yi mulki daga 1715 zuwa 1774, ya ƙware wajen fille saman ƙwai da bugu ɗaya, har jama'a kan taru su kalle shi yana cin abinci.

Shi kuwa marubuci Jonathan Swift, a littafinsa Gulliver's Travels na 1726, ya yi shaguɓe ga rikicin addini da na siyasa a Ingila da labarin mutanen da suka yi yaƙi kan ɓangaren da ya dace a fasa ƙwai, babba ko ƙarami.

Daga fada zuwa gidan talaka

Da farko masu hannu da shuni ne kaɗai ke mallakar na azurfa. Lamarin ya sauya a ƙarni na 19.

A 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar fasahar shafa ruwan azurfa a kan ƙarfe mai araha ta hanyar lantarki. A lokaci guda kuma masana'antun tangaran na yankin Stoke-on-Trent suna ta fitar da kaya masu sauƙin kuɗi.

Yaɗuwar jirgin ƙasa ta sa ma'aikata sun fara zuwa hutu bakin teku, inda sukan sayo kofin ƙwai mai ɗauke da hoto ko tambarin garin a matsayin tsaraba. Kamfanin W. H. Goss ya yi fice wajen kayan tsaraba masu tambarin garuruwa.

A shekarun 1920 da 1930, masu zane irin su Clarice Cliff da Susie Cooper sun shigo da launuka masu ɗaukar ido, yayin da aka riƙa ƙera wa yara kofuna masu siffar kaza, ko agwagwa, ko Mickey Mouse.

Yadda ake gane na gaske

Babbar matsalar mai tara kofuna ita ce jabu, musamman tun da cinikin ya koma intanet, inda mai saye ba ya taɓa kaya kafin ya biya. Don haka ake fara duba alamomin da ke jikin kofin.

A kan azurfar Ingila, hoton zaki mai tafiya na nufin kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce zalla. Kan damisa na nuna an tantance ta a London, ƙugiyar jirgin ruwa kuma Birmingham, inda aka buɗe ofishin tantancewa a 1773. Haruffan EPNS kuwa na nufin shafe ne kawai.

A kan tangaran, alamar rajista mai kusurwa huɗu an yi amfani da ita ne daga 1842 zuwa 1883, sannan lambobi suka maye gurbinta daga 1884.

Wata dokar haraji ta Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka ƙera kayan da ake shiga da su, don haka kofin da ke ɗauke da sunan Ingila yawanci bai girmi 1891 ba.

Sai dai kofuna da yawa ba su da wata alama saboda ƙanƙantarsu. A nan sai a dubi nauyi, da ƙyalli, da gogewar gindi. Tsagewa ko gyara na karya daraja ƙwarai, yayin da cikakken jeri da tirensa ya fi tsada a gwanjo.

Halin da ake ciki

Cin ƙwai mai ruwa-ruwa ya gamu da cikas a Birtaniya a 1988, lokacin da ƙaramar ministar lafiya Edwina Currie ta ce akasarin ƙwan da ake samarwa a ƙasar na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela. Cinikin ƙwai ya faɗi warwas, ita kuma ta yi murabus.

Bayan shekaru ana yi wa kaji rigakafi, a 2017 hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar ta ce yara, da tsofaffi, da masu juna biyu za su iya cin irin wannan ƙwai muddin yana da hatimin British Lion.

Su ma masana'antun sun sha wahala. Royal Worcester da Spode sun durƙushe a 2008, Waterford Wedgwood kuma a farkon 2009, kodayake wasu kamfanoni sun sayi sunayensu.

Tsofaffin kofunan da suka rage a hannun masu tarawa na cikin shaidun da ke nuna irin aikin da maƙera da masu zane na waɗannan garuruwa suka yi.