Birnin Kebbi da Argungu: Abin da mai yawo da ƙafa zai gani

A birnin Bologna na ƙasar Italiya, inda jami'ar da ake ƙirga kafuwarta daga shekarar 1088 take, baƙo kan ɗauki taswira ya wuni yana zagaya gari shi kaɗai a ƙarƙashin dogayen rumfunan da suka bi gefen tituna. A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan rumfuna cikin jerin kayan tarihi na duniya.

A arewacin Najeriya ma akwai garuruwan da za a iya yi wa irin wannan zagaye. Daga cikinsu akwai Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda ke gaɓar kogin da mutanen yankin ke kira Rima ko Gulbin Kabi, da tazarar kimanin kilomita 50 a tsakaninsu.

Galibin baƙi ba sa tunawa da yankin sai lokacin bikin kamun kifi. Sai dai kuma garuruwan biyu na ɗauke da tarihin masarautu biyu da suka shafe kusan ƙarni guda suna gaba da juna kafin su sasanta, kuma wanda ya taka su da ƙafa ya fi saurin fahimtar wannan tarihi a kan wanda ya ratsa su a mota.

Tushen tarihin

A farkon ƙarni na 16 ne Muhammadu Kanta ya ɓalle daga daular Songhai ta Askiya Muhammadu, ya kafa daular Kabi, ya kuma gina babban birninta a Surame. Har yau ana iya ganin ragowar ganuwar dutse ta Surame a cikin Jihar Sakkwato.

A wajejen farkon ƙarni na 18 sarakunan Kabi suka mayar da fadarsu Birnin Kebbi. A nan suke har shekarar 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Fodi ya fice da jama'arsa.

Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun ci gaba da yaƙi, daga bisani suka kafu a Argungu. Shi kuwa Malam Abdullahi, da aka raba tafiyar da daular Usmaniyya a shekarar 1812, sai aka ba shi ɓangaren yamma, wanda Gwandu ta zame masa cibiya.

Wannan ne dalilin da ya sa a yau Sarkin Gwandu ke zaune a Birnin Kebbi, Sarkin Kabi kuma yake zaune a Argungu, abin da kan rikita baƙo a karon farko.

Zagayen Birnin Kebbi

Ya fi dacewa a fara da sassafe daga Shiyar Fada, inda fadar Sarkin Gwandu take, wadda aka sa wa sunan Abdullahi Fodiyo. Sarakunan Gwandu ba su zauna a nan ba sai a shekarar 1906, bayan zuwan Turawan mulkin mallaka. Kafin nan wasunsu sun zauna a Ambursa domin tsare iyaka da Kabawa, a kusa da inda filin jirgin saman jihar yake a yanzu.

Daga fada mai yawo zai iya kutsawa cikin tsofaffin unguwanni irin su Takalau da Maƙerar Gandu, inda lunguna suke da ƙunci, kana zaurukan ƙasa ke tsaye a jikin gine-ginen siminti. Idan ya ci gaba zuwa bakin gari ta ɓangaren kogi, zai tarar da tudun ya ƙare, fadama ta shimfiɗu a gabansa iyakar ganinsa.

A wannan wuri ne mutum zai gane hikimar waɗanda suka zaɓi mazaunin birnin. Tudun na kare gari daga ambaliya, yana kuma ba mai tsaro damar hango mahara tun daga nesa, yayin da fadamar ke ciyar da jama'a da shinkafa da kifi rani da damina.

Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya ratsa ta nan a shekarar 1853, ya kuma ba da labarin kufan tsohon birnin da yaƙi ya rusa. A wannan tafiya ce ya ci karo da kwafin littafin Tarihus Sudan a garin Gwandu, littafin da ya zama ɗaya daga cikin manyan madogarar tarihin daular Songhai.

Garin ya sauya ƙwarai tun daga ranar 27 ga watan Agustan 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi aka mai da shi babban birninta. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan Waziri Umaru, akwai kuma jami'ar tarayya da aka kafa a shekarar 2013. Sabbin unguwanni irin su Gesse na da faɗin tituna da nisa tsakanin wurare, don haka a can abin hawa ya fi ƙafa amfani.

Mai neman tushen ilimin yankin sai ya keɓe wata rana ya je Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi yake. Shi ne mawallafin tafsirin Liya'ut Tawili, da Liya'ul Hukkami kan tsarin mulki, da kuma Tazyinul Waraƙati wanda ya ƙunshi labarin yaƙe-yaƙen jihadi.

Gidan tarihi na Kanta

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar kimanin sa'a guda ce a mota. A kan hanya ana wucewa kusa da Alwasa, inda aka gwabza ƙazamin yaƙi a ƙarshen shekarar 1805, rundunar jihadi ta yi asarar mutane masu yawa.

Argungu ta fi sauƙin zagayawa da ƙafa, domin muhimman wurarenta ba su da nisa da juna. Wurin farawa shi ne gidan tarihi na Kanta da ke tsakiyar tsohon gari, wanda ake kuma kira Gidan Nabame.

Yakubu Nabame ɗa ne ga Sarkin Kabi Sama'ila Karari, wanda aka kashe a shekarar 1831. Ya yi shekaru a hannun Sakkwato, kafin ya koma gida ya sake ɗaga tutar Kabi a shekarar 1849.

Ginin ya kasance fadar sarakunan Kabi har zuwa shekarar 1942 da aka koma sabuwar fada, sa'an nan aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a shekarar 1958. A cikin ɗakunansa akwai masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya da tambura da layun yaƙi, da kuma kayan su. A harabarsa ne kuma kaburburan sarakunan Kabi suke, don haka ana bukatar mai ziyara ya shiga da ladabi.

Waɗannan makamai shaida ce ta zamanin da garin ya yi a cikin shirin yaƙi. An samu tsagaita wuta a shekarar 1867 a zamanin Sarki Abdullahi Toga, abin da ake kira Lafiyar Toga, amma ba ta wuce shekaru takwas ba. Daga nan aka ci gaba da fafatawa har zuwan Turawa a zamanin Sarki Sama'ila, wanda ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915.

Matan Fada

Daga gidan tarihin sai a gangara zuwa Matan Fada, wato ɓangaren kogin da ake gudanar da gasar kamun kifi. A nan labarin gabar ya ƙare.

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka shirya masa gagarumin su domin karrama shi. Daga wannan ziyara ta sulhu ne ake ƙirga tarihin bikin a sigarsa ta yau, ko da yake al'adun ruwa na Kabawa sun girme ta nesa ba kusa ba.

A ranar gasar dubban masunta ne ke faɗawa ruwa a lokaci guda, kowa da homa da gora, suna neman giwan ruwa mafi girma. Kifin da ya lashe gasar shekarar 2005 ya kai kilo 75. Akwai kuma wasannin Kabanci da suka haɗa da tseren kwale-kwale da nutso da kamun kifi da hannu.

A shekarar 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na bil'adama. An yi kimanin shekaru goma ba a gudanar da shi ba bayan na 2009, kafin a farfaɗo da shi a watan Maris na 2020.

A sauran kwanakin shekara wurin shiru ne, domin ana hana su a wannan ɓangare don kifi ya samu ya girma. Sarkin Ruwa ne ke kula da al'adun kogin. Mai yawo zai ga manoman shinkafa a fadama da masu fito da kwale-kwale, abin da hayaniyar biki kan ɓoye wa baƙi.

Abin lura ga mai tafiya shi kaɗai

Lokacin hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi dacewa da yawon ƙafa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka sai a yi sammako ko a bari sai bayan La'asar. A watannin Agusta da Satumba kuwa kogin kan cika ya malale fadama, kamar yadda aka gani a ambaliyar shekarar 2020 da ta lalata gonakin shinkafa masu yawa a jihar.

Batun tsaro ma abin dubawa ne. A watan Nuwamban 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa sun kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie mai maƙwabtaka da Argungu, inda mutane suka rasa rayukansu. Saboda haka ya kamata baƙo ya tsaya a cikin gari, ya guji tafiyar dare, ya kuma nemi shawarar mutanen wurin kafin ya nufi ƙauyuka ko kufai irin na Surame.

A biranen Turai baƙo kan dogara da allunan bayani da ke jikin gine-gine. A nan kuwa yawancin bayanin na bakin mutane ne: fadawa da dogarai a ƙofar fada, ma'aikatan gidan tarihi, da dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci. Wanda ya yi sallama, ya faɗi daga inda ya fito da abin da ya kawo shi, ba ya rasa mai yi masa jagora, domin matambayi ba ya ɓata.

Ana neman izini kafin a ɗauki hoton fada ko kaburbura ko mutane, ana kuma cire takalmi a inda aka ga masu gida sun cire. Yana da kyau mai ziyara ya saurari labarin shekarar 1805 a Birnin Kebbi, sa'an nan ya sake sauraronsa a Argungu, domin kowane gari da yadda yake ba da shi.