Tantance Tsananin Ƙarin Ƙwaƙwalwa da Hoto

Tantance tsananin ƙarin ƙwaƙwalwa da hoto hanya ce da likitoci ke bi don gane girman ƙari, wurin da ya tsiro da saurin yaɗuwarsa kafin tiyata. An fi amfani da na'urar MRI, sai CT. An fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar majiyyaci da CT ranar 1 ga Oktoba 1971, a asibitin Atkinson Morley a Landan.

Akan yi wa majiyyaci allurar sinadarin gadolinium kafin hoton MRI. Ƙari mai tsanani irin glioblastoma yakan haskaka ta gefe-gefe, tsakiyarsa da ta mutu kuma ta fito da duhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ƙarin ƙwaƙwalwa daga mataki na 1 zuwa na 4, amma sai an ciro ɗan yanki an gwada ake tabbatar da matakin.